Hannun da ya kai kuɗi daji zai iya miƙa mana ƙoƙo?

Tun Lahadin farko ta watan jiya abin nan yake cina, na rasa wanda zan zauna dashi in amayar, in na faɗa a gida uwar yara tace in bar wa manya, in na faɗa a coci kowa yana da ɓangare, shi yasa nace bari kawai in rubuta ko zuciyata ta ɗan sauka.

Mu nan ƙauyenmu a kudancin Kano masu bi ba mu da yawa, kakanninmu Maguzawa ne, majami'ar tamu ginin ƙasa ce da rufin kwano, benci goma sha biyu ne duka duka. Bara ana tsakiyar yankan dawa sai ga 'yan uwa daga wani ƙauye ta ɓangaren Katsina, gida tara, a bayan a-kori-kura da tabarmi da tukwane da 'yan awakin da suka rage musu. Ɓarayin daji ne suka tashe su. Mai unguwarmu musulmi ne, shi ya fara basu aron gona tun kafin mu kanmu mu gama shawara, liman kuma yasa aka tara musu hatsi ranar Juma'a, Allah ya saka musu da alheri.

A cikinsu akwai wani tsoho da kowa ke ce wa Baba, can garinsu dattijon ikkilisiya ne kuma shi ne wakilin mai gari a unguwarsu. Lokacin da ɓarayin suka sa musu haraji, wai sai an biya kafin kowa ya shiga gonarsa, shi aka ɗora wa. Shi ya bi gida gida yana karɓa, wannan ta sayar da tunkiya wancan ya sayar da buhun masara, shi ya ƙulle kuɗin a leda ya sa a cikin hula ya hau mashin ɗin jikansa ya shiga daji. Sau biyu. Karo na biyun ba kuɗi kaɗai suka ce ba, harda jarkokin fetur da katin waya. Aka yi noma aka yi girbi a unguwarsu ba a taɓa kowa ba. Bayan sati uku sai aka faɗa wa ƙauyen da ke gaba dasu cikin dare, aka kashe mutane, cikinsu harda wani saurayi da ya je kwana gurin kawunsa. Uwar yaron nan tana cikin gida taran da suka zo mana. A ranta ta gama yankewa cewa fetur ɗin da Baba ya kai shi ya kawo mashinan da suka kashe mata ɗa.

Toh ranar Jibin Ubangiji, wato ranar da ake raba gurasa da ƙoƙo a coci, dattijonmu ɗaya ba shi da lafiya, fasto da zuciya ɗaya yace Baba ya taimaka ya zaga da faranti. Ina benci na uku ina gani. Yazo gabanta ya sunkuya ya miƙa, ita kuma ta tura hannayenta duka biyu cikin mayafi ta kafe idonta a ƙasa. Bata ce komai ba. Ya daɗe a tsaye, ƙananan kofunan nan suna kaɗawa suna buga juna sabida rawar da hannunsa keyi, duk cocin ana ji don an riga an gama waƙa. Sai matar da ke kusa da ita ma ta naɗe hannu, ta ukun ma haka. Daga ranar zumuntar mata ta rabu biyu, matasa na cewa in ba a sa shi a horo ba su zasu koma yin sujada a gindin darbejiya, wasu na cewa ai mutumin nan kansa ya sayar don yaran mutane su ci tuwo.

Ni malamin firamare ne, na ɗan taɓa makarantar Baibul shekara biyu, kuma abin da ya tsaya min a rai a tarihin ikkilisiya duka shine rigimar da aka yi a arewacin Afirka, nan nahiyarmu, inda yau ake kira Tunisiya da Aljeriya. Da na ga hannun matar nan ya shige mayafi ita na tuna.

Daular Rum ta sha wuya a ƙarni na uku, yaƙi da Farisa ta gabas, ƙabilu na ɓarko iyaka ta arewa, sojoji na kashe sarki su naɗa wani. Sarki Diyokilitiyan shi ya ɗan daidaita ta, har ya raba mulkin tsakanin mutum huɗu a 293 don kowa ya tsare ɓangarensa. Amma irin tunanin da shugabanni keyi in ƙasa ta rikice, sai an samo wanda za a ce shi ya jawo fushin sama. A Fabrairun 303 doka ta fito, a rushe majami'u, a hana taro, a kawo littattafai masu tsarki a ƙona. Ka tuna lokacin babu injin buga littafi, da hannu ake kwafa, littafi ɗaya sai yaci watanni, ikkilisiya guda watakila abin da take dashi kenan.

Akwai takardar hukuma da ta tsira har yau daga garin Sirta, wanda yanzu shine Kustantin a Aljeriya, ta ranar 19 ga Mayun 303. Magajin gari yazo da magatakarda gidan da masu bi ke taruwa yace wa bishof ɗin, sunansa Bulus, a fito da littattafai. Bishof yace littattafan suna gurin masu karatu, abin da ke nan dai ga shi. Aka dinga fitowa da kaya ana rubutawa ɗaya bayan ɗaya: ƙoƙunan zinariya 2, na azurfa 6, fitilun azurfa 7, rigunan mata 82, mayafai 38, rigunan maza 16, takalman maza ƙafa 13, takalman mata ƙafa 47. Duk sanda na karanta jerin nan sai jikina yayi sanyi, don wannan ba dukiyar sarki bace, kayan da aka tara ne don gwauraye da marasa hali, irin buhun gwanjon da zumuntar matanmu ke ajiyewa a bayan bagadi. Wasu ma'aikata biyu da aka ce su nuna gidajen masu karatun suka ƙi, suka ce gara a kashe su, aka kama su. Amma an bi gidajen duk da haka, wani ma ba ya nan matarsa ce ta fito da littafi shida ta bayar. A rana ɗaya a coci ɗaya ga wanda ya tsaya ga wanda ya miƙa. A wani garin kuma bishof Filikus na Tibiyuka ya ƙi bayarwa sam, aka kashe shi a shekarar. Na babban birnin Kartaj, Mensuriyus, dabara yayi, yace ya ɓoye na gaskiyar ya bar musu littattafan 'yan bidi'a suka kwasa.

Tsanantawar bata wuce shekara biyu da zafinta ba a wannan yankin. Rigimar da ta haifa kuwa ta fi shekara ɗari.

Da Mensuriyus ya mutu aka naɗa Sisiliyan bishof na Kartaj, sai bishof bishof kusan 70 daga Numidiya, wato mutanen karkara irinmu, suka ce basu yarda ba, wai cikin waɗanda suka ɗora masa hannu akwai wanda ya miƙa littafi, kuma hannun da ya miƙa littafi ya mutu, ba zai iya naɗa kowa ba, ba zai iya yi wa kowa baftisma ba. Suka naɗa nasu, bayansa Donatus ya gaje shi a 313, da sunansa ake kiransu har yau. Koyarwarsu a fili take: ikkilisiya ta tsarkaka ce, in mai hidima ya ƙazantu duk abin da ya taɓa ya ƙazantu, wanda ya yi maka baftisma in maci amana ne to wanka kawai kayi, sai an sake. Har ta kai in sun karɓe majami'a daga hannun ɗaya ɓangaren sai sun wanke bango da ruwan gishiri. A garin Hifo an taɓa hana masu gasa burodi su gasa wa 'yan ɗaya cocin. Mutanen da tare aka tsananta musu fa.

Ga abin da ya fi taɓa ni. A takardar Sirta ɗin nan akwai wani ƙaramin ma'aikaci Silbanus, shi da kansa ya zaƙulo fitilar azurfa da aka ɓoye ya miƙa wa hukuma. Wannan Silbanus ɗin daga baya ya zama bishof na Sirta, kuma yana cikin masu ɗaga murya cewa ba za su zauna da maciya amana ba. Sai a 320 da suka ɓata da wani dikinsa, wato mai taimaka masa a hidima, aka kai magana gaban gwamna aka karanto takardar. Hausawa sun riga sun faɗa, laifi tudu ne. Ban kawo wannan don in ce matar nan tana da wani ɓoyayyen laifi ba, Allah ya kiyaye, ita ɗanta ta binne. Amma cikin matasan da suka fi kowa zafi akan Baba akwai waɗanda iyayensu sun sa nasu kason a cikin ledar nan, kuma sun ci dawar da aka girbe a shekarar. Mu kuma 'yan gari da ba a taɓa ƙwanƙwasa mana ƙofa da bakin bindiga ba, mu ne muka fi iya tsara yadda ya kamata ace yayi.

Na je gurinsa da yamma bayan kwana biyu, na same shi yana gyaran ƙotar fartanya a ƙofar ɗakin da aka ara masa. Na durƙusa na gaishe shi, nace Baba ina gajiya, yace Malam sannu da zuwa, zauna mana. Ban tambaye shi ba shi ya fara. Yace ɗana, mun kai kuka inda ya kamata mu kai, sau nawa, aka ce mu je ana zuwa. Daren da suka aiko da saƙo na ƙirga yaran unguwar nan tamu ɗaya ɗaya a kan gadona. In na ƙi su zo, in na kai su ƙara ƙarfi, gaba kura baya siyaki. Yace fetur ɗin nan kuwa na sani ba shayi za su dafa dashi ba, na sani. Daga nan yayi shiru ya cigaba da feƙe ƙotar.

Wannan kalma tasa "na sani" ita ta hana ni in ce masa Baba ai ba ka da laifi, don shi kansa bai ce haka ba. Kuma ita ta sa na ƙara jin haushin waɗanda aikinsu ne su tsare mutane. Tsoho mai shekara saba'in da wani abu ba shi da ko bindigar toka, shi aka bari ya yanke hukuncin da gwamnati mai soja da jirgin sama ya kamata ta ɗauke masa, yanzu kuma shi kaɗai ke tsaye gaban shari'ar mutane.

Biyan kuɗi don a ceci rai ba sabon abu bane a ikkilisiya. Bishof Safiriyan na Kartaj, wanda 'yan Donatus ke ɗauka ubansu ne, wajen shekarar 253 da mahara suka kwashe masu bi a Numidiya ya tara baiko na kuɗin Rum dubu 100 ya aika a fanso su. Bishof Ambaros na Milan bayan ƙabilar Gotawa sun karya sojan Rum a Adiriyanoful a 378 suka kama mutane bayi, fasa kayan zinariyar coci yayi ya fanshi kamammu, aka zage shi akan haka bai fasa ba. Shi Safiriyan ɗin ma a tsanantawar sarki Disiyus ta 250 ɓuya yayi yana tafiyar da ikkilisiya ta wasiƙa, mutane suka yi ta cewa makiyayi ya gudu, sai a 258 aka sare kansa bai ja da baya ba. Amma gaskiya fansar wanda aka riga aka kama daban, kai fetur daban, ba zan haɗa su ba don in yi wa Baba gata.

Shigar sarki cikin rigimar 'yan Donatus ɗin ita ta ƙara dagula ta. Sarki Kustantin ya ci yaƙin gadar Milbiyan a Oktoban 312 ya shiga Rum, a 313 shi da abokin sarautarsa Lisiniyus suka ba kowa 'yancin addini. Ya aika kuɗi Kartaj ga ɓangaren Sisiliyan, ɗaya ɓangaren suka kai ƙara gurinsa, su da kansu fa suka jawo shi. Shi kuma damuwarsa a bayyane take, alkamar da birnin Rum ke ci daga Afirka jiragen ruwa ke kawo ta, ga yaƙi da Lisiniyus na tafe, ba ya son wuta a bayansa. Aka zauna a Rum a 313, aka sake zama a Aral ta ƙasar Faransa a 314, duka Sisiliyan ya ci. Taron Aral ya faɗi abu biyu da nake ganin hankali a ciki: wanda aka tabbatar ya miƙa littafi a sauke shi daga hidima, amma da shaidar takardar hukuma ba da ance-ance ba, sannan wanda irin wannan mutumin ya naɗa naɗinsa na nan daram. Da suka ƙi yarda sarki ya sa ƙarfi, aka ƙwace majami'u aka zubar da jini, sai kawai suka samu sababbin shahidai suka ƙara yawa. A 321 ya gaji ya ƙyale su. Har majami'ar da ya gina a Sirta suka ƙwace daga baya, bai iya komai ba sai wata ya sake ginawa.

Shi yasa da na ji wasu matasanmu na cewa a kai Baba gurin hukuma ace ɗan rahoton ɓarayi ne, gabana ya faɗi. Ranar da aka sa shi a mota, ranar gida taran nan sun rabu har jikoki.

Agustin, ɗan ƙasar ne shima, haifaffen Tagas a Aljeriyar yau, bishof na Hifo da ake kira Annaba yanzu, shi ya zauna ya warware koyarwar da mafi yawan ikkilisiyoyi ke tafiya akai har gobe. Yace baftisma ta Almasihu ce ba ta mai yinta ba, ko Bitrus ne ya yi ko Yahuza, Almasihu ne mai yi. In ace sai ka tabbatar da tsarkin zuciyar fasto kafin baftismarka ta karɓu to babu wanda zai taɓa kwana da salama, don wa ya san cikin wani? Ya dinga komawa ga misalin alkama da ciyawa a Matiyu 13, inda mai gona ya hana bayinsa tugewa sai ranar girbi. Duk manomin gero ya san wannan ba sai an yi masa wa'azi ba, shibra da gero tun suna ƙanana ganye ɗaya ne, in ka ce da zafin rai zaka cire ta a noman farko rabin geronka zaka zubar, sai kai ya fito kake ganewa. A wannan ina tare dashi ɗari bisa ɗari. Abin da ke cikin kofin nan ba na Baba bane, faranti kawai ya ɗauko.

Amma akwai inda na rabu da Agustin, kuma raina na ɓaci duk sanda na zo gurin. Da farko shi da bakinsa yace kada a tilasta kowa, daga baya ya canza ya goyi bayan dokar sarki ta tara da ƙwace dukiya, har ya jawo ayar biki ta Luka 14 inda aka ce a matsa wa mutane su shigo. A 411 aka tara bishof sama da 500 na ɓangarorin biyu a Kartaj, jami'in sarki ne alƙali, shekara ɗaya kacal bayan Gotawa sun washe birnin Rum kansa a 410, daula na rushewa tana neman kan kowa ya haɗu ko ta halin ƙaƙa. Aka yanke wa 'yan Donatus, aka haramta su. Mai gaskiya a koyarwa ya ɗauki sandar sarki ya daki ɗan uwansa. Ba a kai shekara ashirin ba ƙabilar Bandalawa suka ƙetaro daga Sifen a 429, basu tambayi kowa wace coci yake zuwa ba kafin su ƙona gari. A nan kam Agustin ya nuna ko shi wanene, da abokan aikinsa suka tambaya ko su gudu yace muddin akwai sauran tumaki a gari makiyayi ba shi da hanyar tafiya, shi ma bai tafi ba, a cikin Hifo ya mutu ranar 28 ga Agustan 430 maƙiya na kewaye da ganuwa.

Mu ma a ƙasar nan mun ga yadda shugaba ke iya rufe ƙofar ramuwa in ya so. Yaƙin basasa daga Yulin 1967 zuwa Janairun 1970, da aka gama Janar Gowon, wanda a Wusasa ya tashi, yace babu wanda ya ci babu wanda aka ci. Ciwon bai warke duka ba har yau, amma ba a kafa kotun rataye mutane ba, kuma da an kafa da wani labarin ake yi.

Don haka in an tambaye ni a zaman dattawa da za ayi bayan girbi, zan ce kada wanda ya ce wa matar nan dole ta karɓa daga hannunsa, kada a karanta mata aya a fuska, a barta da ciwonta har Ubangiji ya taɓa shi da kansa, in wani ya miƙa mata ta karɓa ya isa. Kuma zan ce kada a kori Baba daga teburin, kada wanda ya sake wa yaran da ya tsaya wa a baftisma wani abu. Farantin kuwa shi da kansa ya riga ya ajiye, tun ranar ya koma benci na ƙarshe kusa da ƙofa ba wanda ya sa shi.

Jiya na sake komawa gurinsa da ɗan littafina na makaranta, don ranar na ba shi labarin Sirta sama sama yace in zo in karanta masa jerin kayan. Na karanta a hankali, ƙoƙuna, fitilu, riguna. Da na zo kan takalma ya ɗaga hannu yace Malam dakata, na mata nawa ka ce? Nace ƙafa arba'in da bakwai Baba. Yace har su aka fito dasu? Nace har su. Ya jinjina kai ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya tambaye ni sunan waɗancan biyun da suka ƙi nuna gidaje, na faɗa masa, Katulinus da Markukiliyus, ya maimaita sau biyu harshensa na karyewa. La'asar ta yi sanyi, ya saɓa fartanyarsa ya nufi gonar aron da mai unguwa ya ba shi, wadda ke iyaka da ta matar.